DARASIN LAFIYA: ME MAI CIWON SUKARI ZAI CI?

Darasin wannan wata a kan abinci ne, abincin mutumin da likita ya auna jininsa ya ce yana da ciwon sukari. Wasu suna cewa ciwon suga. Duk abu ɗaya ne.

A da ana cewa ciwon masu kuɗi ne. Yanzu yana kama tela, yana kama ɗan dako, yana kama matar aure a cikin gida. Ya shiga ƙauye ma.

Ga misalin da za a bi. Wani magidanci ne, ya ba hamsin baya. Manomi ne ɗan manomi. Tun yana saurayi yake zuwa cin rani Kano. Ya yi dako a Kantin Kwari shekara da shekaru, har wani maigida ya yarda da shi, ya zaunar da shi a shagon atamfa. Ya kama ɗaki a Fagge, ya ɗauko iyalinsa. Irinsa suna da yawa. Mai karatu ba zai rasa ɗan'uwa ko maƙwabci mai irin wannan labari ba.

Sannu a hankali jikinsa ya sauya. Ƙishirwa ba ta ƙarewa. Cikin dare sai ya tashi fitsari sau huɗu ko sau biyar. Yana ci amma yana ramewa. Idonsa yana gani dishi-dishi, har ya fara kuskuren ƙirga yadi. Wata rana matarsa ta ga kiyashi sun taru inda ya yi fitsari. Ita ce ta matsa masa ya je asibiti. Aka ce ya dawo da safe kafin ya karya kumallo. Aka tsaga ɗan yatsansa, aka ɗiga jini a na'ura. Lamba 14 ta fito. Aka sake awo wata rana, aka tabbatar. Likita ya rubuta masa ƙwayar magani, ya ce ya kula da abinci.

Ya fito yana tambayar kansa: to, wane abincin?

ABIN DA KE FARUWA A JIKI

Duk tuwon da mutum ya ci, ko shinkafa, ko burodi, ko rogo, ciki yana narkar da shi ya zama sukari. Ko da ba a ji zaƙinsa a baki ba, sukari zai zama. Wannan sukari yana shiga jini. Shi ne man da jiki yake aiki da shi, kamar yadda injin niƙa yake aiki da mai.

Amma sukari ba ya fita daga jini ya shiga nama shi kaɗai. Sai an buɗe masa ƙofa. Mabuɗin shi ne wani sinadari mai suna insulin. Wata halitta ce a bayan tumbi take yin sa. A shekarar 1921 masu bincike a birnin Toranto na ƙasar Kanada suka fitar da shi, daga baya aka mai da shi allura.

Ciwon sukari iri biyu ne manya. Na farko ya fi kama yara da matasa. Jikinsu ya daina yin insulin, don haka ba makawa sai allura kullum. Na biyu ya fi kama manya. Akwai insulin a jikinsu, amma ko bai isa ba, ko jiki ba ya jin maganarsa, kamar kwaɗon da ya yi tsatsa. Cikin masu ciwon sukari goma, fiye da tara wannan na biyun ke gare su. Shi ne na mutumin Fagge, kuma a kansa darasin yake.

Idan sukari ya daɗe da yawa a cikin jini, yana cin jiki a ɓoye kamar gara. Yana lalata ido. Yana lalata ƙoda. Yana kashe jijiyoyin ƙafa, har mutum ya taka ƙaya bai ji ba, miki ya ƙi warkewa, a kai ga yanke ƙafa. Ga mai tsaron shago da iyali bakwai a wuyansa, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Abu ɗaya kuma ya kamata manomi ya lura da shi. Lokacin da mutumin nan yake noma, yana cin malmala uku ya shiga gona, kafin azahar jiki ya ƙone su. Da yana dako ma haka. Da ya koma zaman shago, aikin ƙarfi ya tafi, amma cin manomi bai tafi ba. Tumbi ya fito, mutane suka ce ya samu. Gado yana da hannu a wannan ciwo, shekaru ma suna da hannu. Amma ƙiba da yawan zama su ne suke buɗe masa hanya.

KOWA YA ZAMA LIKITA

Kafin ya kai gida labari ya riga shi. Maƙwabcin shagonsa ya ce ya yi sallama da tuwo har abada. Wani ya ce acca kaɗai zai ci. Wani ya ce tuwon alkama. Wata mai abinci a Sabon Gari ta ce ɗanyar agada ita ce magani. Wani dattijo ya ce ya jiƙa maɗaci ya riƙa sha.

Tsoro ya sa ya bi kowa. Mako biyu bai ci komai ba sai wake da ruwan ɗaci. Ya sayi acca da tsada, kuɗin cefanen gida ya yi giɓi. Jiri ya dame shi. A mako na uku ya gaji, ya ce ajali ɗaya ne, ya koma cin komai kamar da. Haka mutane da yawa suke yi. Su fara da yunwa, su ƙare da sakaci.

Gaskiyar acca da alkama ita ce: hatsi ne kamar sauran hatsi. Su ma sukari suke zama a ciki. Wanda ya cika kwano da tuwon alkama ya cinye, sukarinsa zai hau kamar na wanda ya cika kwano da tuwon dawa. Haka ɗanyar agada. Ba laifi a ci su, amma da awo. Wanda yake da dawa da gero a rumbu ba ya bukatar ya sayar da su don ya sayi acca.

Da ya koma asibiti ranar da aka ɗiba masa, ma'aikaciyar jinya ta ce, "Baba, gaya mini abin da ka ci jiya, tun daga safe. Kada ka ɓoye komai." Da ya lissafa, shi kansa sai da ya yi mamaki.

A FARA DA ABIN SHA

Da safe yana zama teburin mai shayi a bakin layi. Babban kofi, madara, garin cakulan na gwangwani, ƙwayar sukari biyar, da rabin burodi. Da hantsi kunun zaƙi a leda. Da rana, in zafi ya buga, lemon kwalba mai sanyi. In baƙo ya zo shago, a sake sayo wani. Da la'asar fura da nono, an zuba mata sukari. Tuwon da yake jin tsoro bai ma shigo lissafi ba tukuna.

Kwalbar lemo ɗaya ta santilita 35 tana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi tara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko mai lafiya kada ya wuce kamar cokali goma sha biyu a yini, in ya tsaya a shida ya fi. Ke nan kwalba biyu sun haye iyakar mai lafiya, balle mara lafiya. Saboda haka ne ma a shekarar 2022 gwamnatin tarayya ta fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka. Wanda ya taɓa ratsa Kasuwar Singa ya ga yadda ake sauke buhunan sukari da katan-katan na lemo daga manyan motoci, ya san ba kaɗan ake sha ba a garin nan.

Mutane suna ruɗuwa da lemon malt. Ana kai wa mara lafiya shi a asibiti, ana cewa yana ƙara jini. Shi ma cike yake da sukari. Haka lemon kwali. Haka zoɓo da kunun aya na sayarwa, don mai sayarwa ba za ta rage zaƙi ba.

Sukarin da aka sha ya fi wanda aka tauna saurin shiga jini. Ba abin da zai tare shi a hanya. Don haka gyara na farko a nan yake, kuma shi ne gyaran da ba ya cin kuɗi, sai ma ya bar kuɗi a aljihu. Ruwa shi ne abin shan mai ciwon sukari. Zoɓo a dafa a gida da citta da kanumfari, ba sukari. Shayi a sha da madara kaɗan, ba sukari, ba garin cakulan, domin shi ma da sukari ake haɗa shi. Kwana uku na farko baki zai yi gardama. Bayan mako biyu ko uku ya saba.

Mutumin Fagge bai daina zuwa teburin mai shayi ba, don can ne majalisarsa. Sai dai ya sauya oda. "Ruwan bunu, ba suga, ƙwai biyu, burodi yanka ɗaya." Ranar farko mai shayi ya yi dariya ya ce, "Alhaji, an shiga takari ne?" Daga baya ya gane, har yana tuna masa.

Koko da kunu suna bukatar lura. Gasara ce aka tace, aka zubar da dusa, aka dama. Ko ba a sa sukari ba suna saurin tayar da sukarin jini. Wanda ba zai iya rabuwa da su ba ya sha ƙaramin kofi ɗaya, ya haɗa da ƙosai uku ko huɗu, ko alala. Fura kuwa, rabin curi ya isa. A yawaita nono, a hana sukari.

TUWO DA AWO

Ba a raba Bahaushe da tuwo, kuma ba a bukatar a raba shi. Abin da ake so shi ne a sauya girman malmala da girman miya.

Kowa yana yawo da ma'auninsa, wato hannunsa. Mutum ya dunƙule hannu ya duba. Tuwon da zai ci a zama ɗaya ya zama kamar girman wannan dunƙule. Haka shinkafa, haka taliya, haka doya ko dankali. Mai aikin ƙarfi, kamar manomi da damina, zai bukaci ƙari, kuma likita ko jami'in abinci na asibiti ne zai gaya masa nawa. Amma mai zaman shago ya fara daga nan.

In a faranti ake ci, a raba shi gida huɗu a ido. Gida biyu ganye da kayan lambu. Gida ɗaya wake, ko kifi, ko ƙwai, ko nama, ko awara. Gida ɗaya tuwo ko shinkafa. A al'ada tuwo ne yake cika kwano, miya tana leƙe. Yanzu sai a juya. Miyar kuka, miyar kuɓewa, miyar zogale, miyar alayyahu, karkashi, taushe, a zuba su da yawa. In an fara cin ganye kafin a taɓa tuwo, ciki yana saurin cika, sukari kuma ba ya hawa da gudu.

Akwai kuma maganar surfe. Idan aka surfa dawa ko masara, aka wanke, aka niƙa, aka tankaɗe, tuwo yana yin fari da laushi. Amma an cire dusa, kuma dusar nan ita ce take rage wa sukari gudu a ciki. Sai a ba akuya abin da ya fi amfani, mai gida ya ci saura. A rage surfe, ko a niƙa hatsi da dusarsa bayan an wanke shi tas. Tuwon ba zai yi kyan gani ba, amma ya fi riƙe ciki. Dambun tsaki da aka cika da zogale ko rama ya fi tuwon shinkafa mai laushi nesa ba kusa ba. Farar shinkafa, farin burodi, gurasa, waina, fanke da taliyar leda duk suna cikin masu saurin tayar da sukari. Ba haramun ba ne, amma kaɗan, kuma ba kullum ba.

Matsalar da ta fi damun mutumin Fagge ita ce ciyayya. Shi da 'ya'yansa maza kwano ɗaya suke ci. A shago ma tire ɗaya ake sa wa hannu. A cikin taro ba wanda ya san yawan lomar da ya kai baki. Ya ji nauyin ware kwano, kada a ce ya zama mai rowa ko mai girman kai. Matarsa ce ta warware. Ta ce, "Malam, a zauna tare a tabarma ɗaya, amma naka a ƙaramin kwano. Miya kuwa tukunya ɗaya ce." Haka aka yi. Ba a ɗora tukunya biyu ba, ba a ƙara kuɗin itace ba. Yaran ma sun amfana, domin ɗan mai ciwon sukari ya fi ɗan wani kusa da kamuwa idan ya girma.

Lokacin ci ma yana da muhimmanci. A ci sau uku a kan lokaci. Kada a wuni da yunwa sannan a cika ciki da dare a kwanta. In yunwa ta taso tsakanin abinci, ga gyaɗa cikin tafin hannu, ga yalo, ga dafaffen ƙwai. Bayan tuwon dare a ɗan taka. Shi mutumin nan ya daina hawa Adaidaita Sahu daga gida zuwa kasuwa, tunda Fagge da Kwari ba nisa. Tafiyar minti talatin a rana, kwana biyar a mako, ita ake so.

CEFANE A SABON GARI

Sabon Gari yana cikin ƙaramar hukumar Fagge. An kafa shi ne bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, mutanen kudu suka zo aiki da ciniki. Shi ya sa kasuwarsa, wadda ake kira Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, take da abincin arewa da na kudu wuri ɗaya. Mai ciwon sukari zai ƙaru da duka biyun in ya san abin da zai ɗauka.

Mutanen kudu sun iya miyar ganye. Suna cika tukunya da ugu da shuwaka, da kifi busasshe da agushi, har cokali ya tsaya. Wannan abin koyi ne, in an rage manja. Amma abin da suke ci da ita, wato teba da sakwara da fufu, rogo ne da doya zalla, kuma malmalarsu ba ta wasa ba ce. Wanda ya shiga ɗakin cin abinci a can ya ce a ba shi rabin malmala, a ninka miya. Garin kwaki da ake jiƙawa da sukari kuwa a bar wa masu lafiya.

Wake babban aboki ne. Yana daɗewa a ciki, yana sakin sukarinsa a hankali. Garau-garau abincin Kanawa ne, amma yadda ake sayar da shi shinkafa ce da wake jefi-jefi. A gida sai a juya: wake gwangwani biyu, shinkafa gwangwani ɗaya, a yanka kabeji ko latas da tumatir da albasa a kai, mai cokali ɗaya. Alala ta fi ƙosai, don ba a soya ta. Ɗanwake sunansa ne kawai wake. Sau da yawa fulawa da garin rogo sun fi yawa a cikinsa, don haka a lissafa shi cikin dangin tuwo. Wake ma da awo ake cinsa, ba a cika kwano.

In wake ya yi tsada, a nan mutumin ƙauye ya fi na birni sa'a. Zogale yana bayan ɗaki. Rama, yakuwa, tafasa da lalo suna fitowa da damina ba da kuɗi ba. A shanya su a inuwa a ajiye don rani. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, wanda wasu suke raina wa abincin talaka, yana cikin abincin da ya fi dacewa da mai wannan ciwo. Sai dai kada a barbaɗa masa sukari kamar yadda wasu mata suke yi.

'Ya'yan itace a ci, amma ɗaya a lokaci guda: lemon zaƙi ɗaya, ko gwaiba ɗaya, ko yankan gwanda ko kankana. A ci da ɓargonsa, kada a matse ruwan. Lokacin mangwaro a yi hattara, ƙarami ɗaya ya isa. Rake kuwa ruwan sukari ne a cikin kara.

Gishiri a rage, domin hawan jini yana yawan tafiya tare da ciwon sukari. Ƙasa da cokalin shayi ɗaya a yini ake so, har da wanda yake cikin dunƙulen miya. Daddawa, albasa, tafarnuwa da citta suna ba miya ɗanɗano. Kitse da soye-soye a rage. Wanda likita ya ce ƙodarsa ta taɓu, nasa tsarin daban ne, ya bi na likita.

ƊACI DA ZUMA

Mutane suna cewa tunda zaƙi ne ciwon, ɗaci ne maganin. Jini ba harshe ba ne, ba ya jin ɗaci. Shuwaka ganye ce mai kyau a miya, amma ba ta maye gurbin ƙwayar asibiti. Masu tallar magani da lasifika a bakin kasuwa suna alkawarin warkewa cikin kwana bakwai. Wanda ya ajiye maganinsa ya bi su, yakan dawo asibiti a kwance. Wasu jiƙe-jiƙen ma ƙoda suke ci. Duk abin da mutum yake sha na gargajiya ya gaya wa likita.

Zuma tana da daraja da amfani, ba mai musu. Amma kusan kashi takwas cikin goma nata sukari ne. Wanda ya bar sukari ya koma zuba zuma a shayi bai yi nisa ba. Dabino ma haka, ɗaya ko biyu. Ranar biki ko suna, in an kawo alkaki da nakiya da dubulan, a karɓa a yi godiya, a kai wa yara.

Akwai labari mai daɗi. Wasu da aka gano ciwonsu da wuri, suka rage ƙiba sosai, sukarinsu yakan sauka har likita ya rage musu magani ko ya dakatar. Amma likita ne zai yanke wannan hukunci bayan awo.

IN SUKARI YA FAƊI, DA MAGANAR AZUMI

Sukari yana iya yin ƙasa fiye da kima. Ya fi faruwa ga mai allurar insulin, ko mai shan wasu irin ƙwayoyi, idan ya sha magani bai ci abinci ba, ko ya yi aiki mai nauyi. Alamunsa su ne karkarwa, gumi, yunwa mai tsanani, bugun zuciya, ruɗewa. A wannan lokaci sukari shi ne magani. A dama cokalin shayi uku ko huɗu a ruwa a sha, ko rabin kwalbar lemo. A jira minti goma sha biyar. In bai sauka ba a ƙara, sannan a ci abinci. In mutum ya suma kada a ɗura masa komai, a garzaya asibiti. Don haka mai shan magani ya riƙa yawo da ƙwayar sukari uku a aljihu, kuma iyalinsa da abokan aikinsa su san dalili.

Kafin watan azumi ya kama, tun cikin Sha'aban, a je a ga likita. Wasu za su iya azumi in an sauya musu lokacin shan magani. Wasu azumi hatsari ne gare su, kuma addini ya yi wa mara lafiya sauƙi. A tambayi malami bayan an ji ta bakin likita. Mai azumi ya jinkirta sahur, ya ci wake ko tuwon dawa da miya mai kauri. Da shan ruwa, dabino ɗaya da ruwa, sannan abinci da awo. Kunu, ƙosai, lemo, soyayyar doya da shinkafa a zama ɗaya sun yi yawa. In alamun faɗuwar sukari suka zo da rana, a karya azumi nan take.

AMFANIN KARATU

Mutumin Fagge ya yi ajin yaƙi da jahilci na dare shekarun baya. Yanzu karatun ya yi rana. Ya sayi ƙaramin littafi. Kowace rana yana rubuta abin da ya ci, da lambar da awo ya nuna in ya auna a kemis ko a asibiti. Da littafin ya gane cewa ranar da ya ci waina lambarsa tana tashi, ranar da ya ci dambu ba ta tashi sosai. Jikin kowa da yadda yake karɓar abinci. Wata uku bayan haka lambar safe ta sauko daga 14 zuwa 8. Bai kai inda ake so ba, amma ya daina tashin dare, kuma yana ganin layin awon yadi.

Na'urorin awo iri biyu ne. Wata tana nuna ƙananan lambobi, wata manya. In an ninka ƙaramar lamba sau 18 za a sami babbar. Wato 7 daidai take da 126, 10 kuma daidai take da 180. Idan aka auna mutum da safe bai ci komai ba, aka sami 7 ko fiye har sau biyu, yana da ciwon. Ga mai shan magani, yawanci ana so lambar safe ta tsaya tsakanin 4.4 da 7.2, bayan cin abinci da awa biyu kuma kada ta kai 10. In ta yi ƙasa da 3.9, wato 70, sukari ya faɗi.

A Kano akwai ranakun ganin masu ciwon sukari a Asibitin Murtala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Mutumin karkara ya fara da asibitin da ya fi kusa da shi. Ranar 14 ga Nuwamba ta kowace shekara ita ce ranar ciwon sukari ta duniya, tun daga 1991, kuma a lokacin akan yi awo kyauta a wurare da dama. Wanda ya haura arba'in, ko yake da ƙiba, ko aka taɓa samun ciwon a gidansu, ya je a auna shi ko da ba ya jin komai.

TAMBAYOYI DON AJI

1. Me tuwo yake zama bayan ya shiga ciki?
2. Me ya sa cin da bai cutar da mutumin nan a gona ba ya cutar da shi a shago?
3. Kowane ɗalibi ya rubuta sunan ganye biyar da ake samu a garinsu, da lokacin da suke fitowa.
4. Mutum yana shan lemon kwalba biyu kullum. Cokali nawa na sukari yake sha a mako ɗaya?
5. An auna wata mata da safe, na'ura ta nuna 9. Nawa ke nan a na'ura mai manyan lambobi?